Shin shi ya kayar da jirgin? Fashin baƙi kan tambayar da Inna ta yi mini

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha an naɗe tabarmin ƙofar gida, aka aiko yarinya ta ce Inna tana kirana. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Marigayin, abokina matuƙin jirgin sama, shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun muna firamare a nan cikin garin Bauchi ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Abokinka" take cewa. Fiye da mako guda ana shiga ana fita a gidan, ba wanda ya ga hawayenta, ita ce ma ke ba mata haƙuri. Ta bari sai da ɗakin ya rage mutane, sannan ta ce: "Kai da kuka yi boko tare, ka gaya mini gaskiya. Yara sun ce an rubuta a waya wai abokinka ne ya yi kuskure. Shi ya kayar da jirgin?"

Na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Wannan na san shi tun ba a haife ka ba. Ba shi na tambaye ka ba."

Ba zan kama sunansa a nan ba, ba kuma zan faɗi kamfanin ko garin da abin ya faru ba, domin iyayensa suna raye, iyayen waɗanda suka rasu tare da shi ma suna raye. Ƙaramin jirgi ne, shi yana ɗaya daga cikin matuƙa biyu, kuma bai cika shekara talatin ba. 'Yan unguwa Kyaftin suke ce masa tun ranar da ya tafi Zariya karatu, shi kuma kullum sai ya gyara musu, ya ce da saura tukuna.

Na daɗe kafin na gane nauyin tambayar Inna. Ba sunan gida take karewa ba. Tsoronta alhaki ne, kada ɗanta ya shiga kabari da haƙƙin rayukan mutane a wuyansa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake karanta hukuncin kisan kuskure, da diyya da kaffara, ya san "kuskure" ba ƙaramar kalma ba ce idan aka haɗa ta da rai. Mai rubutu a Facebook ya jefa ta ya wuce abinsa, tsohuwa kuwa da ita take kwana take tashi. Hukuncin shari'a na malamai ne. Amma abin da ke kayar da jirgi ilimi ne da ake iya nema, kuma na yi watanni ina nemansa, wajen abokan aikinsa da suka zo gaisuwa, da cikin rahotannin haɗurran da suka gabata.

Tun kafin a kai ga wannan tambayar, irin wannan mutuwar ta riga ta bambanta da wadda muka saba. A wajenmu mutuwa da sutura ba sa nisa da juna. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, an dawo an shimfiɗa tabarmi. Wannan gaggawar rahama ce ga masu rai: ka ga fuskarsa, ka sa kafaɗa a makara, ka zuba ƙasa da hannunka, zuciyarka ta yarda. Haɗarin jirgi yana ƙwace maka duk wannan. Sai an killace wurin, an auna, an ɗauki hotuna, an tantance wane ne wane. Matuƙi kuma nasa ya fi na kowa daɗewa, domin likita zai bincika ko wata cuta ta buge shi a sama, ko hayaƙi ya shiga masa jini, ko ya sha wani magani. Dangi suna ganin wannan kamar wulaƙanta gawa, amma sau da yawa wannan binciken shi ke wanke mamacin daga zargi. Lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Legas ran 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 a ciki, iyalai da dama sai da suka yi makonni suna jiran gwajin ƙwayar halitta kafin a ba su gawa. Mu kwana biyar muka yi. Ba zaman makoki ba ne, don ba a yi jana'iza ba, ba kuma zaman komai ba ne, sai dai jira. Da aka kawo shi, akwatin a rufe yake, aka ce kada a buɗe. Liman ya yi wa Baffa, mahaifinsa, bayani a hankali cewa inda wanka bai yiwu ba shari'a ta sauƙaƙa, a zuba ruwa ko a yi taimama. Muka sallace shi, muka kai shi.

Wani abu da har yau yake ci mini rai: ƙanwarsa a WhatsApp ta fara ganin tarkacen jirgin yana hayaƙi, tun ba a sanar da Baffa ba. Wanda ya tura mata bai ma san gidansu abin ya shafa ba. Don Allah, idan irin wannan bidiyon ya shigo wayarka, ya tsaya a wajenka.

To, wane ne ake kira matuƙin jirgi? Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar direban mota ne da aka ƙara wa albashi. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964 take, kuma kafin ɗalibi ya taɓa sitiyari sai ya ci jarrabawar yanayi, da ta injin, da ta taswira, da ta dokokin sama, likita kuma ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Lasisin tuƙa jirgin haya yana buƙatar awa kusan 200 a sama. Babban lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin na jirgin fasinja kuwa sai awa 1,500. Kowace awa a rubuce take cikin littafi, da ranarta da lambar jirgin. Gwajin lafiya ba a gama shi, ana maimaitawa muddin mutum yana aiki. Baffa sai da ya sayar da fili kafin karatun ya kammalu. Na tuna daren da abokina ya fara tashi shi kaɗai ba malami a gefe. Ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce abokan karatunsa sun sheƙa masa bokitin ruwa da ya sauko, ya ce a can sama sai da ya waiga ya ga kujerar malamin ba kowa, sannan ya yarda shi ne ke riƙe da jirgin.

Karatun ya sauya masa hali. Duk lokacin da za mu fita da tsohuwar motata, ko da cin masa za mu je Wunti, sai ya zagaya ta, ya danna tayoyi da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi. Ina yi masa tsiya, yana cewa haka aka koya musu, ba a hawa abin da ba a zagaya ba. Mutumin da ke zagaya mota saboda tafiyar minti goma, shi ne wani da bai taɓa ganinsa ba ya kira da sakaci.

Ban faɗi haka don in ce matuƙa ba sa kuskure ba. Suna yi, kuma a haɗurra da yawa akwai hannunsu. Abin da ya kamata a gane shi ne, an gina harkar jirgin sama ne a kan sanin cewa ɗan Adam ajizi ne, zai yi kuskure. Shi ya sa aka jera katangu. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan bangon ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya ƙera jirgin, akwai injiniyan da ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, akwai mai hasashen yanayi, akwai na hasumiya da ke ba da izinin tashi da sauka, akwai kamfanin da ke tsara awa nawa matuƙi zai yi aiki da awa nawa zai yi barci, akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanin, akwai matuƙi na biyu. Wani masani ɗan Ingila, James Reason, ya bayyana cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da 'yar ɓarakarsa, kuma haɗari ba ya aukuwa sai ranar da ɓarakokin suka zo saiti ɗaya. Kamar ɓarawo ne da ya tarar da katanga ta zube, zaure a buɗe, kare ya fita yawo, ƙofar ɗaki ba sakata. Matuƙi shi ne ƙofar ƙarshe. Don haka idonmu a kansa yake sauka, mu manta da duk ƙofofin da aka wuce kafin a iso gare shi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na alhazanmu a Jidda, ran 11 ga Yuli 1991. Jirgi ne na wani kamfanin Kanada da aka ɗauko haya, zai kawo alhazai Sakkwato. Mutum 261, ba wanda ya fita. Mafarin abin iskar taya ce. An san wasu tayoyin ba su cika ba, makaniki ya nemi a ƙara musu iska, amma wanda ke kula da jigilar bai yarda a jinkirta tashi ba. A kan titi taya ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfe ya goga ƙasa wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta sanar da su a wannan ɓangaren, sai suka naɗe tayoyin cikin jirgin kamar yadda ake yi kullum bayan tashi. Wato da hannunsu suka shigar da wutar ciki. Wanda ya tsaya a nan zai ce kuskuren matuƙi ne. Wanda ya koma baya kaɗan zai tarar da hukuncin da aka yanke a ƙasa, saboda gudun ɓata lokaci, tun matuƙan ba su hau ba.

Haka na jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja ran 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, mutum 96 suka tafi. Tun ba a kwana biyu ba ministan sufurin jiragen sama na lokacin ya fito ya ɗora laifin kan matuƙin. Da rahoton bincike ya fito, bai wanke matuƙin ba: ya tashi cikin mummunan yanayi, kuma bai bi matakan kuɓuta daga juyin iska yadda ya dace ba. Amma rahoton bai tsaya nan ba, ya nuna horon da aka ba matuƙan kan irin wannan iskar bai wadatar ba, kamfanin kuma ba shi da rubutacciyar ƙa'ida kan tashi cikin hadari. Wannan rabin na biyun mutum nawa suka ji shi?

Juyin iskar nan mu ma mun san shi a ƙasa, sai dai ba mu san abin da yake yi wa jirgi ba. Farkon damina, idan hadari ya haɗu ta gabas, akan ji wata iska mai sanyi ta bugo da ƙarfi ta kwashe kwanon rufi. A sama iskar daga cikin girgije take faɗowa ƙasa kamar an tuntsurar da randa, sannan ta watsu ta ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta yana fara jin iska ta gaba tana ɗaga shi, cikin 'yan daƙiƙu ta koma tana danna shi, sannan ta dawo ta bayansa ta ƙwace masa ƙarfin da fukafukai ke riƙe shi da shi. In yana can sama sosai akwai sararin gyarawa. In yanzu ya bar titi, babu. Shi ya sa matuƙa ke cewa mintocin farko bayan tashi da na ƙarshe kafin sauka su ne wuyar aikin. Zafin bazara ma yana da nasa: iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, injin kuma ba ya ba da ƙarfinsa duka.

Sai hazo. Mu 'yan Bauchi mun san ranakun hunturu da ba ka iya hango dutsen da ke bayan unguwarku. Jirgin alhazan da ya yi haɗari a Kano ran 22 ga Janairu 1973, mutum 176 suka rasu, cikin hazo ya zo sauka. Wani abokin aikin marigayin ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce ɗan Adam da ido yake sanin sama da ƙasa, da kuma wani ruwa da ke can cikin kunne. Idan hazo ko girgije ko duhu ya shafe inda sama ta haɗu da ƙasa, sai kunne kaɗai ya rage, shi kuma kunne yana yin ƙarya. Jirgi zai karkata a hankali, jikinka ya ce maka daidai kake. Ka gyara, jikinka ya ce yanzu ne ka karkace. Hausawa sun ce jiki magayi, amma a can dole ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogunan da ke gabanka. A 1954 wata jami'a a Amurka ta gwada matuƙa ashirin waɗanda ba su da horon tuƙi da agogo zalla, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma in aka raba daidai, cikin daƙiƙa 178. Ko minti uku ba su cika ba.

A wajen gaisuwa na ji wani dattijo yana tambaya, in da gaske matsala jirgin ya samu, me ya hana shi kiran hasumiya? Amsar tana cikin horonsu. An koya musu abu uku a jere: fara riƙe jirgin, sannan ka san inda ka dosa, magana ita ce ta ƙarshe. Na ƙasa ba zai miƙo hannu ya kama maka sitiyari ba. Shirun matuƙi a daƙiƙun ƙarshe ba alamar sakaci ba ce, sau da yawa alama ce ta mutumin da hannuwansa biyu da hankalinsa duka suna kan aiki.

Akwai kuma wata ɓaraka da ta shafe mu kai tsaye, mu da aka rena da kunya da girmama na gaba. Haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama, wanda aka yi a tsibirin Tenerif ran 27 ga Maris 1977, jirage biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo mutum 583 suka mutu, ya faru ne da babban kyaftin mai daraja a kan sitiyari. Na ƙasa da shi ya yi shakkar ko titin ya zama fili, ya tambaya, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa, shi ke nan bai ƙara ba. Bayan wannan da wasu irinsa aka shigo da horo na musamman da ke wajabta wa ƙaramin matuƙi ya buɗe baki, ya kuma wajabta wa babba ya saurara. Abokina ya taɓa ce mini wannan darasin ya fi masa lissafi wuya. Yaron da bai taɓa haɗa ido da Baffa ba, an ce ya dubi sa'an Baffa ya ce masa, "Kyaftin, ba daidai muke ba, mu fasa saukar nan."

Wane ne ke da hurumin cewa ga abin da ya faru? A Najeriya hukumar binciken haɗurra ce, NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar AIB, aka kuma faɗaɗa aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Tana aiki ne da ƙa'idar duniya, Rataye na 13 na yarjejeniyar Chikago ta 1944 kan sufurin jiragen sama. Ƙa'idar ta faɗi wani abu ƙarara wanda yake ba masu makoki mamaki: manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba ɗora laifi ko neman wanda zai biya ba. Da farko abin ya ɓata mini rai. Daga baya na ga hikimar. In makaniki ya san maganarsa za ta kai shi kurkuku, ba zai ce ya manta bai ɗaure noti ba, kuma gobe wani zai sake mantawa a wani jirgin. Ana fitar da rahoton farko cikin kwana 30, shi kuwa bayanin abin da aka tarar ne kawai: jirgin, matuƙan, yanayin, lokacin. Ba ya faɗin dalili. Na ƙarshe ana so ya fito cikin shekara guda, in bai samu ba a riƙa ba da bayani duk shekara. Na Dana sai a 2017 ya fito, kusan shekara biyar. Duk tsawon wannan lokacin iyalai suna rataye, an rufe gawa amma ba a rufe magana ba.

Baƙin akwatin da ake ta faɗi ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne mai haske, don a gan shi cikin tarkace. Na'urori biyu ne, ɗaya tana naɗar magana da duk wani sauti a ɗakin matuƙa, ɗaya tana rubuta gudu da tsayi da halin injin. Wanda ya ƙirƙiro shi, David Warren ɗan Ostareliya, maraya ne na jirgi: mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgi a 1934 yana ɗan shekara tara. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Amma akwatin ba kullum yake ba da amsa ba. Ƙananan jirage da yawa doka ba ta tilasta musu ɗaukarsa ba, sai a koma ga karatun tarkace, yadda farfela ta lanƙwashe, inda allurar agogo ta tsaya. Jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na jihar Ogun ran 22 ga Oktoba 2005 da mutum 117, ba a samu akwatinsa ba sam, rahoton ƙarshe kuma bai iya tsayar da dalili guda ba. Muryar da aka naɗa kuwa ba a sake ta ga jama'a, abin da ya shafi binciken kawai ake rubutawa. Na so in ji muryarsa ta ƙarshe. Yanzu ina ganin sutura ce aka yi masa da aka hana.

Wasu sun ce mini duk wannan tone-tonen na mene ne, ba zai dawo da shi ba, kuma kamar jayayya ce da hukuncin Allah. Wannan maganar ta dame ni ƙwarai, don ina tsoron ta zama gaskiya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne labarin Sayyidina Umar a hanyarsa ta zuwa Sham, da aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ba shi misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora su, ai da ƙaddarar Allah ya kora. Ajalin abokina ba ya gaba ba ya baya, wannan na yarda da shi har zuciyata. Amma sanadi abin tambaya ne, kuma ana tambayarsa ne saboda waɗanda za su hau gobe. Takardar da matuƙa ke bi layi-layi kafin tashi, ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa, ta samo asali ne daga wani haɗari a Amurka a 1935, inda ƙwararren matuƙi ya tashi ba a cire makullin da ke riƙe da sitiyari ba. Da an ce kwanansa ne ya ƙare an yi shiru, da an ci gaba da binne irinsa. Duk alhajin da ya tashi daga filin jirgin Durum na nan Bauchi ya sauka Madina lafiya, ya ci moriyar tambayoyin da aka yi a kan gawar wasu. Abin da nake tsoro a wajenmu shi ne "ƙaddara ce" ta zama bargon da mai sakaci zai lulluɓa da shi.

Saura maganar da ban cika jin ana yi ba, ta abokin mamaci. A zaman makoki kowa da tabarmarsa. Uba yana zaure ana miƙa masa hannu, uwa tana ciki, matar aure tana da takabarta wata huɗu da kwana goma. Aboki fa? Shi ne mai jera kujeru, mai cika butoci, mai zuwa tasha ɗauko baƙi. Ana ce masa "sannu da ƙoƙari", ba a ce masa "ya haƙuri". Ranar da aka watse kowa ya san dangi suna cikin rashi, shi kuwa ana sa ran gobe ya koma aiki kamar ba a yi ba. Ni sai bayan mako uku abin ya sauko mini. Ina tsaye a kasuwar Muda Lawal ina cinikin doya, jirgi ya wuce ta sama ya nufi Durum, na ɗaga kai kamar yadda muke yi muna yara a bakin wayar tsohon filin jirgi na cikin gari, na ciro waya zan tambaye shi wane iri ne. Mai doyar ne ya jawo mini benci.

An rene mu a kan namiji ba ya kuka. Amma da ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ibrahim, yake barin duniya, idanun Manzon Allah sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Ma'aikin Allah? Ya ce masa rahama ce. Ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Haƙuri a baki yake da gaɓoɓi, ba a bushewar ido ba. Kuma idan aka yi wata shida ko fiye mutum ba barci, ba cin abinci, ba ya iya aikinsa, kullum hoton abin yana dawo masa, wannan ya zama lalura da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtuka, kuma akwai likitocinta a asibitin koyarwa na nan Bauchi. Zuwa wajensu bai hana addu'a ba. Abokan aikinsa ma abin tausayi ne, su da za su rufe shi yau, jibi su hau irin jirgin da ya kashe shi.

Da rahoton farko ya fito na buga shi a takarda na tafi gidan bayan la'asar. Inna tana kan darduma, carbi a hannu. Na zauna na juya mata shi da Hausa layi bayan layi. Lasisinsa yana kan ƙa'ida. Takardar likitansa ba ta ƙare ba. Ga yawan awoyinsa, ga na ɗan'uwan tuƙinsa, ga yadda yanayi yake a ranar. Na ce, "Inna, takardar nan ba ta ce shi ne ba, ba ta kuma ce wani ne ba. Wanda ya rubuta a waya bai jira ko wannan ba. Akwai babba tana tafe. In ta zo, ko me ta ƙunsa, zan karanta miki shi yadda yake, ba zan rage ba. Amma ko an samu hannunsa a ciki, za a faɗi abin da ya kai shi ga haka, da duk waɗanda abin ya bi ta hannunsu kafin ya iso gare shi."

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Ƙarfe nawa suka tashi?"

Ma'aikatan sama suna lissafi da agogon duniya, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, don haka sai da na koma shafin farko na tabbatar da wanne aka rubuta. Na ce mata uku saura.

Ta ce, "To ya yi azahar. Ba ya fita bai yi ba." Ta sa gefen mayafi ta share ido, karo na farko da na gani. Sannan ta ƙwala wa yarinyar kira ta kawo mini fura, ta ce in bar takardar a nan, gobe in dawo in karanta wa Baffa.